Tambayoyi da Amsoshi Kan Ra'ayoyin Masoya Shirin The Walking Dead

Wannan shafi ya tattaro tambayoyin da aka fi yi game da muhawarar da ke tsakanin masu kallon The Walking Dead, shirin talabijin na Amurka mai dogon zango da ya ɗauki shekara 12 ana haska shi. Wanda bai kalli shirin ba, kuma yana da niyyar kallo, ya sani cewa amsoshin za su fallasa masa wanda ya mutu da wanda ya rayu, domin babu yadda za a yi bayanin fushin 'yan kallo ba tare da an ambaci abin da ya fusata su ba.

Wane irin shiri ne wannan, kuma daga ina labarinsa ya samo asali?

Asalin labarin littafin zane ne wanda Robert Kirkman ya rubuta, kamfanin Image Comics ya fara buga shi a shekarar 2003. Tony Moore ne ya zana fitowa shida na farko, sannan Charlie Adlard ya karɓa, ya ci gaba har zuwa fitowa ta 193 wadda aka rufe labarin da ita a 2019. Zanen baƙi da fari ne, ba launi. Tashar AMC ce ta mayar da shi wasan talabijin a ƙarƙashin jagorancin Frank Darabont, aka haska kashi na farko ranar 31 ga Oktoba, 2010, aka kuma kammala a watan Nuwamba na 2022 bayan zango 11 da kashi 177.

Labarin ya fara ne da wani jami'in tsaro mai suna Rick Grimes, wanda aka harba a bakin aiki, ya yi doguwar suma a asibiti, da ya farfaɗo sai ya tarar duniya ta kife: gwamnati ta rushe, gari ya zama kufai, matattu kuma sun tashi suna yawo suna cin masu rai. Daga nan ya shiga neman matarsa da ɗansa, ya kuma zama jagoran wani ayari na waɗanda suka tsira. A jihar Jojiya aka ɗauki mafi yawan shirin.

Waɗannan matattu masu tafiya fatalwa ne ko aljanu?

Ko ɗaya. Fatalwa a fahimtar Bahaushe kurwa ce da ke bayyana, tana iya yin magana, tana kuma da abin da ya dawo da ita. Halittun wannan shiri kuwa gangar jiki ce kawai da ke ruɓewa, ba hankali, ba tunani, ba ta san ɗa ba balle uwa, abin da ke motsa ta yunwa ce da ƙara da ƙanshin mai rai. Ba ta tsayawa sai an lalata ƙwaƙwalwarta. Kalmar da duniya ta sani, wato zombi, ta fito ne daga camfin mutanen Haiti game da gawar da boka ke tayarwa ya sa ta bauta, amma siffar gawa mai cin naman mutane George Romero ne ya kafa ta a fim ɗinsa na 1968. Wani abin da masoya shirin ke yawan nunawa sabon mai kallo shi ne, mutanen cikin labarin ba sa kiran halittun da wannan suna. Kowane ayari da irin laƙabin da ya raɗa musu, wasu su ce masu tafiya, wasu su ce masu cizo.

Me ya jawo annobar? An taɓa bayyanawa?

Ba a bayyana ba a littafin, kuma marubucin ya sha nuna cewa ba wannan ne damuwarsa ba. A shirin, wani likita a cibiyar yaƙi da cututtuka ta Atlanta ya raɗa wa Rick a kunne cewa kowa na ɗauke da cutar, saboda haka duk wanda ya mutu, ko da ba a cije shi ba, zai tashi. Wani reshe na shirin, wato wani shiri daban da aka tsiro daga wannan labari, ya yi nuni daga baya da wani ɗakin bincike a Faransa. Masoya sun rabu biyu a nan: masu son a ba su amsa, da masu ganin cewa duk amsar da za a bayar ba za ta kai girman tambayar ba. Na fi karkata ga na biyun.

Me ya sa mutane suka kamu da son shirin har haka?

Alƙaluman da kansu sun isa shaida. Fiye da mutum miliyan 5 ne suka kalli kashi na farko a Amurka, adadin ya yi ta hawa har ya kai miliyan 17.3 a daren da aka buɗe zango na biyar a Oktoban 2014, abin da ba a saba gani ba ga wasan kwaikwayo a tashar da ake biyan kuɗi kafin a kama ta. Har wani shiri na musamman aka ƙirƙira, Talking Dead, wanda aka riƙa yi kai tsaye bayan kowane kashi domin a zauna a tattauna abin da aka gani.

Idan aka tambayi masoyan farko, kaɗan ne za su ce gawarwakin ne suka riƙe su, duk da cewa aikin kwalliyar Greg Nicotero da yaransa abin yabo ne ƙwarai. Abin da suka fi ambata shi ne tambayar da shirin ke jefa wa mai kallo kowane mako: in da kai ne, me za ka yi? Za ka buɗe wa baƙo ƙofa alhali abincinka bai isa ba? Za ka iya kashe ɗan'uwanka da aka ciza kafin ya rikiɗe? Sai kuma dalili na biyu, wanda daga baya ya zama tushen rigima: an yi imani cewa a wannan shiri babu wanda ya fi ƙarfin mutuwa, saboda haka duk lokacin da jarumi ya shiga duhu, gaban mai kallo faɗuwa yake da gaske.

Tsakanin littafin da shirin, wanne ya fi?

Wannan ita ce tsohuwar jayayya, kuma ba ta da ranar ƙarewa. Masu fifita littafin suna cewa ya fi tsauri, ya fi sauri, ba ya jan rai. A littafin, Shane, abokin Rick da ya zama kishiyarsa, ya mutu tun a fitowa ta shida, kuma Carl, ƙaramin ɗan Rick, ne ya harbe shi. Mugun shugaban nan da ake kira Gwamna ya datse wa Rick hannun dama, Rick ya ƙare rayuwarsa da dungu. Lori, matar Rick, da jaririyarta Judith sun mutu tare a harin da aka kai gidan yarin da ayarin ya fake a ciki. Andrea ta zama gwanar harbi, ta zama matar Rick, ta daɗe a raye, alhali a shirin an mayar da ita mace mai yawan yanke hukunci marar kyau, aka kashe ta a ƙarshen zango na uku. A kan Andrea dai kusan bakin masu karatu ɗaya ne cewa an zalunce ta.

Masu fifita shirin kuwa suna da hujjoji masu nauyi. Shane da aka bari ya rayu har kusan ƙarshen zango na biyu ya ba labarin wata gaba mai zurfi wadda littafin bai samu ba, domin an ga mutumin da ya riga kowa fahimtar yadda sabuwar duniyar take, amma fahimtar ta cinye shi. Carol ta littafi mace ce mai rauni da ta miƙa wuyanta ga gawa ta cije ta tun a gidan yari. Carol ta talabijin, wadda Melissa McBride ta fito a matsayinta, ta tashi daga matar da miji ke duka ta zama wadda ta tarwatsa sansanin masu cin naman mutane ita kaɗai ta ceci ayarin. Kashin da ta harbe yarinya Lizzie, bayan ta ce mata ta dubi furanni, yana cikin waɗanda masoya suka fi ambata idan ana lissafin mafi kyawu.

Abin da na lura da shi shi ne, yawancin masu cewa a bi littafi sau da ƙafa ba su yarda da maganar tasu har zuci ba. Idan an kauce wa littafi aka samar da abu mai kyau, sai su yi shiru su sha kallo. Sai an kauce aka ɓata ne ake jin suna kiran sunan Kirkman. Ashe ba biyayya ga littafi ake nema ba, ana neman sauyin da ke da dalili a cikin labarin.

Da gaske ne babu Daryl Dixon a littafin?

Gaskiya ne, babu shi, babu kuma yayansa Merle. Norman Reedus ya je gwajin fitowa a matsayin Merle ne, bai samu ba, amma ya burge masu shirin har suka ƙirƙiri ƙane domin shi. Mutumin daji ne marar yawan magana, da bakarsa ta ƙarfe da babur ɗinsa, wanda ya fara a matsayin fitinanne ya koma hannun daman Rick. Son da ake masa ya kai ga masoya suka yi taken da aka riƙa bugawa a riguna, mai cewa idan Daryl ya mutu za su yi bore.

Sai dai wannan so ya zo da nasa lahani, kuma masu sukar shirin sun gano shi da wuri. Tun da kowa ya san ba za a taɓa Daryl ba, alƙawarin nan na cewa babu wanda ya tsira ya fara zama tatsuniya. Akwai kuma zangunan da aka rage masa magana ƙwarai, har wasu masoyansa suka riƙa zolaya cewa gurnani kawai ake biyansa ya yi. Muhawarar ko ya kamata shi da Carol su zama masoya, ko su tsaya a aminai, ta ci shekaru; shirin ya bar su a aminai.

Me ya sa ake yawan cewa zango na biyu yana da gundura?

Saboda rabinsa na farko an yi shi ne a gonar dattijo Hershel ana neman Sophia, 'yar Carol da ta ɓace a daji. Kashi bakwai ana nema, ana gardama a baranda, ana komawa daji. Masu kallo mako-mako a 2011 sun ƙosa. Shi kansa Romero ya taɓa siffanta shirin da cewa wasan rikicin iyali ne wanda gawa ke leƙowa jefi-jefi, kuma mutane da yawa sun ga gaskiyarsa a wannan zango.

Amma ra'ayi ya sauya da tafiyar lokaci. Waɗanda suka kalla a jere, ba tare da jiran mako ba, sukan ce wannan zango na cikin mafi ƙarfi, domin duk jinkirin nan shi ya sa fitowar Sophia daga rumbun gonar, ta riga ta rikiɗe, ta yi wa mai kallo dukan da ba ya mantuwa. Shane mai yawan kurari ya tsaya cak, Rick ne ya tako ya ɗaga bindiga. Wanda bai sha wahalar neman ba, ba zai ji zafin ganin ba.

Mece ce gaskiyar rigimar Frank Darabont?

An sallame shi a watan Yulin 2011, ana tsakiyar aikin zango na biyu, bayan saɓani da tashar wanda ya haɗa da batun kasafin kuɗi. Ya kai ƙara kotu a 2013 kan rabon riba, aka yi ta shari'a har 2021 lokacin da aka sasanta a kan dala miliyan 200. Bayansa Glen Mazzara ya riƙe ragamar, sai Scott Gimple daga zango na huɗu, sai Angela Kang daga na tara. Akwai masoyan da har yau suke ganin kashi shida na zangon farko su ne shirin na ainihi, sauran kuwa wani abu ne daban da ya gaji sunan. Jeffrey DeMunn, wanda ya fito a matsayin dattijo Dale kuma tsohon abokin aikin Darabont ne, ya bayyana cewa shi ya nemi a kashe Dale saboda ɓacin ran korar.

Me ya sa mutuwar Glenn ta kori mutane da yawa, alhali haka take a littafin?

Wannan ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, kuma amsar da aka fi bayarwa, wato cewa zubar da jinin ya yi yawa, rabin gaskiya ce kawai.

A fara da wane ne Glenn. Shi ne saurayin nan mai kai wa mutane abinci gida kafin annoba, wanda muryarsa ta fito ta rediyo ta ceci Rick lokacin da ya maƙale a cikin tankar yaƙi a Atlanta. Steven Yeun ne ya fito a matsayinsa. Ya auri Maggie, 'yar Hershel, kuma tana da ciki lokacin da abin ya faru. Shi ne mutumin da wahala ba ta bushe masa zuciya ba, don haka mutane da yawa suna kallonsa a matsayin ragowar imanin ayarin. A littafin, Negan, mugun shugaban wata ƙungiya, ya farfasa masa kai da kulkinsa mai wayar ƙaya, wanda ya raɗa wa suna Lucille, a fitowa ta 100 da aka buga a 2012. Duk mai karatu ya san abin na tafe.

Matsalar ita ce abin da ya gabaci wannan dare. A kashi na uku na zango na shida, an nuna Glenn ya faɗo daga saman kwandon shara cikin taron gawarwaki, aka nuna ana zaro hanji, har aka cire sunan ɗan wasan daga jerin sunayen farkon shiri. Mutane suka yi makoki. Bayan mako huɗu sai ga shi ya fito daga ƙarƙashin kwandon lafiya lau, ashe hanjin wani ne da ya faɗo a kansa. Masu kallo suka ji an yi wasa da hankalinsu. Ba a gama hucewa ba sai ƙarshen zangon ya zo a Afrilun 2016: Negan ya durƙusar da jaruman a jere, ya ɗaga kulki ya sauke, amma aka juya kyamara yadda ba a ga wanda aka doka ba, aka ce a dawo a Oktoba. Fiye da wata shida ana jira. A littafin kuwa a fitowa ɗaya aka gabatar da Negan aka kuma nuna aika-aikarsa, kuma ƙarfin wurin yana cikin wannan ba-zata ne.

Da ranar 23 ga Oktoba ta zo, kimanin mutum miliyan 17 suka zauna kallo. Aka kashe Abraham, ɗaya daga cikin 'yan ayarin, mutane suka ɗan saki numfashi, sannan aka kashe Glenn, aka nuna komai dalla-dalla. Mako guda bayan haka masu kallo sun ragu da fiye da miliyan 4, kuma adadin bai sake komawa inda yake ba har aka gama shirin. A ganina mutane sun jure mutuwar Sophia da Dale da Lori da Hershel saboda sun ji labarin ne ya kai ga haka. A kan Glenn kuwa sun ga hannun marubuta ƙarara, suna ja suna saki domin a ci gaba da maganar shirin a intanet. Mai kallo yakan yafe baƙin ciki, amma da wuya ya yafe a mayar da shi abin wasa sau biyu a shekara ɗaya.

Akwai masu kare wannan kashi, kuma ba su rasa hujja ba. Suna cewa dole ne a karya Rick gaba ɗaya kafin a yarda cewa Negan ya bambanta da miyagun baya, kuma wasan da Andrew Lincoln, wanda ya fito a matsayin Rick, ya yi a daren, musamman inda aka tilasta masa ya ɗaga gatari a kan hannun ɗansa, yana cikin mafi kyawun aikinsa. Na yarda da wannan. Abin da ban yarda da shi ba shi ne zango biyu cur da aka ɓata a yaƙi da Negan, inda ake ta harbi ba a samun kowa, ga dogayen jawabai, ga kashi guda a kan mutum ɗaya sannan a manta da shi mako uku.

To mutuwar Carl fa?

Ita ce ta fi fusata masu karatun littafin, kuma a nan ƙorafinsu na da tushe mai ƙarfi. A littafin, Carl shi ne magajin labarin: Rick ya mutu a fitowa ta 192, ta ƙarshe kuma ta nuna Carl ya girma, ya auri Sophia, yana karanta wa 'yarsa tarihin kakanta. Duk wahalar Rick domin yaron nan ce. A shirin sai aka sa gawa ta cije shi a zango na takwas, ya mutu a kashin da aka haska a Fabrairun 2018, aka ce dalili shi ne wasiyyarsa ta sa Rick ya bar Negan da rai. Dubban masoya suka sa hannu a takardar koke ta intanet suna neman a sauke Gimple. Mutane sun ga Chandler Riggs, wanda ya fito a matsayin Carl, ya girma a gaban idonsu tun yana yaro ƙarami, don haka abin ya zame musu kamar rashin ɗan gida. An raba labaran da suka kamata su zama na Carl ga ƙanwarsa Judith, wadda a shirin ta rayu, da wani yaro mai suna Henry, amma ko masu son Judith sukan yarda cewa giɓin bai cike ba.

Negan ya cancanci a yafe masa?

Nan ma an rabu, kuma rabuwar ta fi ta ko'ina zafi. Rick ya yanke shi a wuya sannan ya sa aka yi masa magani, aka kulle shi shekaru a Alexandria, matsugunin ayarin Rick. Daga baya ya ceci Judith a cikin guguwar ƙanƙara, ya kuma kashe Alpha, shugabar masu sanya fatar matattu a fuska, bisa yarjejeniya da Carol. An yi kashi guda a kan rayuwarsa ta baya da matarsa Lucille mai ciwon daji, wadda Hilarie Burton, matar gaske ta Jeffrey Dean Morgan mai fitowa a matsayin Negan, ta fito a matsayinta, kuma kashin ya sa mutane da yawa kuka.

Masu goyon bayansa suna cewa ayarin Rick ma sun kashe mutanen Negan suna barci, saboda haka da daga ɓangarensa aka fara ba da labarin, da Rick ne mugun. Masu adawa suna tunatar da cewa Negan ba kisa kawai ya yi ba: yana dariya yana yi, yana ƙona fuskar mabiyansa da dutsen guga, ya kuma tara matan da ba su da zaɓi na gaske ya kira su matansa, batun da shirin ya yi ta kewaye shi daga baya kamar bai faru ba. A nawa ra'ayin, farin jinin ɗan wasan ne ya ja alƙalamin marubuta. Abu ɗaya da aka yi daidai shi ne ba a tilasta wa Maggie ta yafe ba. A kashin ƙarshe ta gaya masa cewa ta ga ƙoƙarinsa, amma duk lokacin da ta dube shi mijinta take gani.

Gaskiya ne shirin na saurin kashe jarumai baƙaƙen fata?

An yi wannan ƙorafi sosai a zangunan farko. T-Dog ya shafe fiye da zango biyu ba a ba shi labarin kirki ba, aka kashe shi a na uku, Oscar ya biyo baya a daidai kashin da Tyreese ya bayyana, har aka riƙa zolaya cewa ba a yarda baƙaƙen maza biyu su rayu lokaci guda. A zango na biyar kaɗai an rasa Bob da Tyreese da Noah. Masu kare shirin suna nuna Michonne, wadda Danai Gurira ta fito a matsayinta, da Morgan da Gabriel da Ezekiel, waɗanda suka daɗe suka kuma riƙe manyan matsayi. Duka ɓangarorin suna da gaskiya, gwargwadon zangon da mutum yake magana a kai.

Shirin ya farfaɗo bayan tafiyar Rick?

Andrew Lincoln ɗan Ingila ne, kuma ya bar shirin a 2018 domin ya koma kusa da iyalinsa. A kashi na biyar na zango na tara Rick ya tarwatsa gada domin ya tare garken gawarwaki, aka ɗauke shi a jirgi mai saukar ungulu yana raye, labarin kuma ya tsallake shekara shida. Abin mamaki, waɗanda suka daure suka ci gaba da kallo sun fi yabon wannan zango a kan biyun da suka gabace shi. Angela Kang ta dawo da tsoro cikin shirin ta hanyar mutanen Alpha, domin yanzu gawar da ke tahowa tana iya zama mai rai riƙe da wuƙa, kuma wurin da aka jera kawuna goma a kan sanduna a matsayin iyaka ya girgiza har waɗanda suka san littafin, saboda an sauya waɗanda aka kashe. Sai dai yabon bai dawo da waɗanda suka tafi ba. Zangon ƙarshe ya riƙa samun kimanin mutum miliyan 2 a daren haskawa, ko da yake a lokacin mutane da yawa sun koma kallo ta intanet.

Yaya masoya suka karɓi ƙarshen shirin?

Da sanyin jiki. Kirkman ya rufe littafinsa ba tare da sanarwa ba, har tallar fitowa ta 194 da 195 aka yi na bogi domin kada a gane, kuma masu karatu da dama sun girmama shi a kan hakan. Shirin kuwa ya zo ƙarshe alhali an riga an sanar da rassan da za su biyo baya, saboda haka kowa ya shiga kashin ƙarshe da sanin cewa Daryl da Maggie da Negan ba za su mutu ba. Mutuwar Rosita ta taɓa zukata, bayyanar Rick da Michonne a mintunan ƙarshe ta faranta rai, amma mutane da yawa sun ce abin ya fi kama da tallar shirye-shirye masu zuwa fiye da bankwana.

Rassan sun cancanci kallo?

Ya danganta da wanda mutum yake kewa. Fear the Walking Dead ya yi zango takwas daga 2015 zuwa 2023, kuma masoyansa sun fi yabon zango na uku. Dead City ya kai Maggie da Negan birnin New York neman ɗanta, na Daryl ya kai shi Faransa, The Ones Who Live na 2024 kuwa, mai kashi shida, ya maye gurbin finafinan Rick da aka yi alƙawari ba a yi ba, ya kuma haɗa shi da Michonne. Akwai kuma wasan kwamfuta na kamfanin Telltale na 2012, labarin Lee da yarinya Clementine, wanda wasu ke rantsuwa ya fi shirin talabijin ɗin taɓa zuciya.

Sabon mai kallo ya fara daga ina, ya kuma tsaya a ina?

Ya fara daga kashi na farko, wanda ko masu sukar shirin ba sa taɓa shi. Daga nan zuwa tsakiyar zango na shida kusan duk masoya sun yarda tafiya ce mai daɗi, duk da 'yan ramuka. Zango na bakwai da na takwas sun fi sauƙin haɗiya idan an kalle su a jere, tun da babu jiran wata shida, kuma wanda ya ƙetare su zai tarar da na tara yana jiransa da lada. Wanda jini ke tayar masa da hankali ya san cewa shirin na manya ne, bai dace a kunna shi a falo yara na zaune ba. Wanda kuma yake son ya ga inda Kirkman ya nufa da Carl tun farko, sai ya nemi littafin, wanda aka tattara fitowarsa 193 a manyan kundaye huɗu.